Garin Koko da Baƙin Cakulan Tsakanin Amfani da Gubar Ƙarafa: Nazari Daga Arewacin Birnin Kaduna

Tsakure

Takardar nan ta auna hujjoji biyu da ke yawo game da garin koko da baƙin cakulan: cewa suna taimakon zuciya da jijiyoyin jini, da kuma cewa suna ɗauke da dalma da kadmiyom. An ɗora hujjojin a kan irin kokon da ake saye a unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi. Matsayar takardar ita ce, yawancin abin da ake sha a nan bai kai ga amfanin da ake faɗa ba, kuma haɗarin da ya fi cancantar kulawa shi ne dalma a jikin ƙananan yara, musamman ta hanyar garin da ake sayarwa ba tare da lamba ba.

1.0 Gabatarwa

Kokon da ake magana a kansa a nan ba na gero da ake sha da ƙosai ba ne, itacen nan ne da masana tsirrai ke kira Theobroma cacao, wanda asalinsa dazukan Amazon ne a Kudancin Amurka. Itace ne mai son ruwa da inuwa, shi ya sa a Nijeriya ake nomansa a jihohin Ondo, Kuros Riba, Osun, Oyo, Ogun, Ekiti da Edo, sai kuma wani yanki na kudancin Taraba. Afirka ta Yamma ce ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kokon duniya, Kwaddebuwa da Gana na kan gaba.

Ƙarancin gonarsa a Arewa bai hana shi zama abincin yau da kullum ba. Daga tashar Kawo zuwa Unguwar Sarki, daga Badarawa zuwa Unguwar Shanu, da wuya a wuce layi biyu ba a ga teburin mai shayi ba, gwangwanayen Milo da Bournvita jere kusa da na madara. Yaro ɗan firamare da shi yake karya kumallo, mai jego shi ake kai mata, mara lafiyar da ke kwance a asibiti ma shi ne tsarabarsa. A 'yan shekarun nan kuma an sami masu hawan jini da ciwon suga da ke neman baƙin cakulan a manyan kantunan Unguwar Rimi da Malali saboda sun ji an ce magani ne, yayin da wasu suka ƙaurace masa saboda sun ji an ce guba ne. Manufar takardar ita ce tantance ƙarfin kowace magana, sannan a ga wacce ta shafi mazaunin Kaduna da gaske.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Ɓangaren amfani

Maganar ta samo ƙarfi ne daga binciken Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard, wanda a 1997 ya ba da rahoton cewa al'ummar Kuna da ke zaune a tsibiran Panama ba sa samun hawan jini da tsufa kamar sauran jama'a, kuma daga baya aka danganta hakan da yawan shan koko da suke yi. Sinadarin da ake zaton shi ne sila ana kiransa filabanol, mafi muhimmanci a danginsa shi ne efikatekin. Aikinsa shi ne ƙara samar da naitirik oksaid a bangon jijiya, wanda ke sa jijiyar ta saki, jini ya gudana cikin sauƙi.

A 2012 Hukumar Kiyaye Ingancin Abinci ta Turai, wato EFSA, ta amince cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimakawa wajen sakin jijiyoyin jini. A 2017 Ried da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 35 na mutum 1,804 a ƙarƙashin cibiyar Cochrane, suka ga hawan jini ya sauka da kimanin maki 1.8 a sama da ƙasa. Sauka ce ta gaskiya, amma ƙarama ce, ba ta kusanci aikin ƙwayar da likita ke rubutawa ba.

Gwaji mafi girma shi ne COSMOS, wanda Sesso da abokan aikinsa suka wallafa a 2022. An raba tsofaffi 21,442 a Amurka gida biyu, wasu na shan miligiram 500 na filabanol kullum, wasu na shan ƙwayar da babu komai a cikinta, aka bi su kimanin shekara 3.6. Jimillar cututtukan zuciya ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, adadin da ƙididdiga ba ta iya raba shi da dace ba. Mutuwa sanadin ciwon zuciya kuwa ta ragu da kashi 27, amma ba ita ce babbar tambayar gwajin ba. Wajibi ne a lura da abu biyu: ƙwaya aka ba mutanen, ba cakulan ba, sannan kamfanin Mars na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Ko Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, da ta yarda a 2023 a rubuta amfanin a jikin garin koko mai yawan filabanol, sai da ta gindaya sharaɗin a bayyana cewa hujjar kimiyyar 'yar kaɗan ce ƙwarai. A Disamba 2024 mujallar BMJ ta buga wani binciken bibiya daga Harvard da ya nuna masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga da kashi 21, alhali ba a ga haka ga masu cin cakulan mai madara ba. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sila.

2.2 Ɓangaren guba

Hankalin duniya ya karkata nan ne a Disamba 2022, lokacin da ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'in baƙin cakulan 28, ta sami dalma da kadmiyom a dukkansu, kuma 23 suka haura ma'aunin jihar Kalifoniya ga wanda ya ci giram 28 a rana. Ma'aunin nan mai tsauri ne: maikirogiram 0.5 na dalma da 4.1 na kadmiyom a rana. A 2024 masu bincike a Jami'ar George Washington suka bayyana cewa cikin kaya 72 da aka gwada tsakanin 2014 da 2022, kashi 43 cikin ɗari sun haura ma'aunin dalma, kashi 35 sun haura na kadmiyom. A shekarar dai Godebo da abokan aikinsa na Jami'ar Tulane suka gwada nau'i 155, suka yanke cewa giram 28 a rana ba barazana ba ce ga baligi, kuma kokon Afirka ta Yamma ya fi na Tsakiya da Kudancin Amurka ƙarancin kadmiyom. Dukkan waɗannan ayyuka kasuwar Amurka suka auna. Akwai ayyuka biyu da suka girme su waɗanda suka shafi Nijeriya kai tsaye, za a kawo su a sashe na 4.4.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na bitar rubuce-rubuce ne haɗe da lissafi. An ɗauki iyakokin da hukumomi suka gindaya da adadin da bincike ya wallafa, aka lissafa abin da zai shiga jikin baligi mai nauyin kilo 60 da yaro mai kilo 15, idan kowannensu ya sha giram 5 na zallar garin koko a rana, wato kimanin babban cokali guda. Alƙaluman da suka fito misali ne na abin da doka ta yarda da shi, ba sakamakon gwajin kayan wani kamfani ba ne, kuma ambaton sunan kaya a takardar ba zargi ba ne.

4.0 Nazari

4.1 Wane koko ake sha a Kaduna?

Nau'in da ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne garin shayi na gwangwani da na 'yar leda. Wannan haɗi ne na suga, madara, tsiron hatsi da garin koko, kuma kokon ba shi ne mafi rinjaye ba. Tsiron da ake sa wa Milo a masana'antar Agbara ma na dawa ne, amfanin gonar Arewa. Idan mai saye ya ce a haɗa masa mai kauri, mai shayi zai zuba cokali biyu ko uku na garin, ya ƙara madara, sannan ya bi da suga. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke ci a rana, kimanin giram 50 ga baligi, kuma gara ma a tsaya a rabin haka. Mai ciwon suga da ya ji labarin binciken BMJ ya ƙara yawan shayi mai kauri ya ɗauki hujjar wani kaya ya ɗora wa wani daban, kuma shi zai cutu.

Nau'i na biyu shi ne zallar garin koko da masu yin kek da kayan fulawa na biki da suna ke saye. Ana samunsa a rufe da sunan kamfani, ana kuma samunsa an ɗebo daga buhu an ƙulla a leda, a shagunan kayan fulawa na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da makamantanta. Na uku shi ne baƙin cakulan na waje mai rubutun kashi 70 ko 85, wanda tsadarsa ta taƙaita shi ga mutane ƙalilan, balle da farashin tan ɗin koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya a 2024.

4.2 Inda filabanol ke salwanta

Bayan an fasa kwanson koko, ana tara ƙwayar a rufe ta da ganyen ayaba ta tsimu kwana biyar zuwa bakwai, a shanya, a gasa, a niƙa, a tatse mai. Kowane mataki yana rage filabanol. Wanda ya fi ɓarna shi ne wanke garin da sinadarin alkali, dabarar da ake dangantawa da gidan Van Houten na Holan a ƙarni na 19. Yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, haka alkali ke kashe ɗacin koko, ya ƙara masa duhu, ya sa ya fi saurin gauraya da ruwa. Miller da abokan aikinsa a 2008 sun auna miligiram 34.6 na filabanol a kowane giram na garin da ba a wanke ba, amma 3.9 kacal a wanda aka wanke sosai. Ke nan miligiram 200 da EFSA ta ambata zai samu daga giram 6 na gari na farko, amma sai an sha fiye da giram 50 na na biyun.

Wannan ya rushe zaton da ake yi a kasuwa cewa garin da ya fi baƙi shi ya fi kyau. Sau da yawa baƙin alamar wankin alkali ce. Haka kuma kason da aka rubuta a jikin cakulan yana nuna yawan koko ne haɗe da mansa, ba yawan filabanol ba.

4.3 Kadmiyom

Kadmiyom daga ƙasa itacen ke zuƙo shi ta saiwa, ya taru a ƙwaya. Ƙasar wasu yankunan Peru, Ekwado da Kolombiya tana da shi da yawa tun asali, shi ya sa matsalar ta fi kamari a can. A jikin mutum ƙoda yake zama, kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Yana lalata ƙoda, yana raunana ƙashi, kamar yadda aka gani a cutar itai-itai a lardin Toyama na Japan.

Tun 1 ga Janairu 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.60 a kowane kilo na garin koko, da 0.80 ga cakulan mai koko kashi 50 ko fiye. Hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa a 2022 ta amince da miligiram 2.0 ga zallar garin. EFSA ta ce jiki na iya jure maikirogiram 2.5 a kowane kilo na nauyinsa a mako, wato 150 ga baligi mai kilo 60, da 37.5 ga yaro mai kilo 15. Cokali guda a rana na garin da ke daidai kan iyakar Turai zai ba da maikirogiram 21 a mako: kashi 14 na rabon baligi, amma kashi 56 na rabon yaro. Garin da ke kan iyakar Codex zai ba da 70, kusan ninki biyu na rabon yaron, tun ba a lissafa abin da yake samu daga shinkafa da ganye ba.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne kokon yankinmu yawanci yana ƙasa da waɗannan iyakoki. Don haka tsoron kadmiyom ya fi dacewa da cakulan na waje da aka rubuta masa Peru ko Ekwado, wanda masu hali ke saye da sunan ya fi inganci.

4.4 Dalma

Dalma hanyarta daban ce. A 2005 Rankin da abokan aikinsa, cikinsu har da Jerome Nriagu, masani ɗan asalin Nijeriya, suka auna ƙwayar koko daga gonaki shida a Nijeriya. Sun sami matsakaicin da bai wuce nanogiram 0.5 na dalma a kowane giram ba, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a abinci. Amma a sarrafaffen garin koko adadin ya kai 230, a cakulan kuma 70. Ma'ana, ƙwayar tana barin itace da tsabtarta, a hanya take kwasar gubar. Ɓawonta yana riƙe dalma sosai, kuma masu binciken sun danganta wani ɓangare na gurɓatar da hayaƙin fetur mai dalma da ake amfani da shi a lokacin. Kwamitin ƙwararrun da aka kafa bayan sulhun ƙungiyar As You Sow da kamfanonin cakulan ya kai ga irin wannan matsaya a 2022: ƙura da ƙasa ce ke manne wa jiƙaƙƙiyar ƙwaya lokacin shanya. An daina fetur mai dalma a Afirka kudu da Sahara a farkon 2006, sai dai abin da ya riga ya zuba a ƙasar gefen titi ba ya ruɓewa, kuma har yau ana shanya amfanin gona a gefen kwalta.

Idan aka ɗauki adadi mafi girma na Rankin, cokali guda zai ba da maikirogiram 1.15. Ga baligi wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ga yaro kuwa ya wuce rabin maikirogiram 2.2 da FDA ta sa a 2022 a matsayin ma'aunin abin da zai samu daga dukkan abincinsa na rana.

A nan ne yanayin Kaduna ya sha bamban da na ƙasashen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje. Nriagu da abokan aikinsa sun auna jinin yara 87 masu shekara 1 zuwa 6 a birnin nan, suka wallafa a 1997 cewa matsakaicin dalmar ya kai maikirogiram 10.6 a kowane desilita, kuma ya fi yawa ga yaran da gidansu ke bakin kwalta ko ake da mota. Wannan ya haura ninki biyu na maikirogiram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a 2021 a matsayin matakin da za a fara neman inda gubar ke fitowa. Zamanin fetur mai dalma ne, amma sauran ƙofofin ba su rufe ba: kwallin dutse da ake sa wa jarirai, tsohon fenti, fasa batirin mota da na sola, da tukwanen da ake narka tarkacen ƙarfe a zuba. Maƙwabtanmu sun ga ƙarshen abin. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, sannan a 2015 wasu 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ba ana kwatanta cokalin koko da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega ba ne, tazarar tana da girma ƙwarai. Abin nufi shi ne dalma tarawa take yi, kuma babu adadinta da aka tabbatar ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Kwamitin ƙwararru na JECFA ma a 2010 janye ma'aunin jurewar da yake da shi ya yi, saboda ya gano ba ya kare lafiya. Hanjin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na baligi, kuma ƙarancin sinadarin ayon a jiki yana ƙara buɗe wa dalma da kadmiyom hanya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Waɗannan su ne ainihin waɗanda ake ba shayin koko don su yi ƙarfi.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya. Filabanol da ƙarafan nan duk a tsakin koko suke zama, ba a mai ba. Duk wanda ya nemi ƙarin filabanol ta hanyar ƙara zallar gari, ƙarafan ma ya ƙara. Ga dattijo mai hawan jini, cokali guda na garin da ba a wanke ba, ba tare da suga ba, cinikin da za a iya karɓa ne muddin bai ajiye maganinsa ba. Ga yaro ɗan shekara uku da mace mai ciki babu wani amfanin zuciya da aka tabbatar wanda zai biya wannan farashi, don haka ba a ga dalilin ba su zallar gari ko baƙin cakulan kullum a matsayin magani ba.

4.5 Garin ƙulli da buƙatar gwaji

Kayan da ke da lambar NAFDAC akwai kamfanin da za a tuhuma da lambar rukunin da za a bibiya. Garin da aka ƙulla a leda ba shi da ko ɗaya: ba a san ƙasar da ya fito ba, ba a san ko an wanke shi da alkali ba, ba a san yawan ɓawon da aka niƙa a ciki ba, alhali ɓawon ne matattarar dalma. Buhun da aka buɗe ana ɗiba a shagon da ke kallon titin Ahmadu Bello, cikin ƙurar hunturu, yana iya ƙara kwasar abin da bai zo da shi ba. Wannan hasashe ne da aka gina a kan binciken Rankin, kuma gwaji ne zai tabbatar da shi ko ya kore shi.

Kayan aikin suna kusa. NAFDAC tana da ɗakin gwaji a Kaduna, akwai Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma cibiyar NARICT a Basawa da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tsarin da takardar ke ba da shawara shi ne a ɗebi samfur daga Kasuwar Gumi, Kasuwar Kawo da manyan kantuna, a raba shi gida uku bisa nau'o'in sashe na 4.1, a ɗiba sau biyu, da damina da kuma lokacin hunturu, daga buhun da aka buɗe da wanda ba a buɗe ba. A auna dalma, kadmiyom da filabanol a samfur guda, a kuma haɗa da awon abin da yaro ɗan ƙasa da shekara shida ke sha a mako a gidajen Badarawa, Hayin Banki da Unguwar Dosa, domin a yi lissafin da nauyin jikinsa.